An Ba Ni Ajiyar Uwar Cass Robley

Shekara talatin da ɗaya na yi ina kallon gidan Cass Robley ta tagar falona, shi ma yana kallon nawa ta tasa. Ba gulma ce ta sa ba. Haka kamfani ya gina gidajen unguwarmu ta Birchmere, kowanne da ƙatuwar tagar gilashi a gaba tana fuskantar ta maƙwabci, kuma duk matar da ta ja labule da rana, to akwai abin da take ɓoyewa. Saboda haka in na ce na san mutumin nan, na san shi. Da ya rasu a watan jiya aka ce, Verna, ke ce tsohuwar maƙwabciyarsa, tashi ki faɗi wani abu a coci. Na miƙe na ce mutum ne mai son zaman lafiya, bai taɓa sa-in-sa da kowa ba. Gaskiya na faɗa. Na zauna, aka rera waƙa, aka ci kek, aka watse.

Abin da ban faɗa ba shi ne labarin uwarsa, don ni ma da hannuna a ciki.

Ba Cass Robley aka raɗa masa ba. Casimir Wroblewski ne, haifaffen Cleveland a 1921, a ɗaki biyu saman shagon wani mahauci, a unguwar da hayaƙin masana'antar ƙarfe ke baƙanta wanki tun yana kan igiya. Ubansa ya rasu yana ɗan shekara tara. Uwarsa Jadwiga ce ta rene shi da wankau da gogen daɓen ofisoshi, da wani ɗan fili a bayan gida da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, inda take shuka kabeji da albasa. Yana da ashirin da ɗaya ya tafi yaƙi, ya yi shekara uku, ya dawo da gaɓoɓinsa cif. Bai taɓa ba da labarin yaƙin ba. Mijina Hollis ma haka. Mazan layinmu duk sun je, amma ko shekara za ka yi zaune da su ba za ka ji an ambata ba, sai maganar mota da takin ciyawa.

Da ya dawo gwamnati ta tura shi karatu, ya samu aiki a wani kamfanin sayar da firiji da injin wanki. A can wani ya ba shi shawara, wai sunan nan naka ya fi ƙarfin harshen masu sayayya. Ya je kotu ya datse shi gaba da baya, ya fito Cass Robley. Ya auri Arlene, 'yar wani mai kantin magani, kyakkyawa, mai murmushin da ba ya gajiya. Suka tare a lamba goma sha huɗu a 1951, mako ɗaya da mu.

Da can unguwar nan gonar masara ce. Aka share, aka dasa gidaje dubu biyu da wani abu, duk uwa ɗaya uba ɗaya. Hollis ya taɓa shiga gidan mutane har ya rataye hularsa kafin ya lura matar da ke kicin ba ni ba ce, kuma ya ce ƙanshin miyarta ya fi na tawa. Mu dai ba mu ga aibun wurin ba. Daga ɗakunan haya muka fito, bayan shekarun fatara da na yaƙi, yau ga ruwan zafi a famfo, ga firiji, shekara na zagayowa ga mota, wata na zagayowa ga talabijin. Wa zai yi ƙorafi? Kowa ya sa hannu a takardar dokokin unguwa ba tare da ya karanta ba. Ba katanga, ba kiwon kaji, ba shanya a waje ran Lahadi, ƙofar gida kuwa ciyawa kawai, kuma a aske ta kowane mako. Ran Asabar ƙarfe tara sai ka ji injinan yankan ciyawa sun tashi tun daga farkon layi har ƙarshe. Mista Purdy, shugaban ƙungiyar unguwa, yakan zaga da hannuwa a baya yana duba ta kowa.

Ta Cass ta fi ta kowa kyau, ba na tauye masa haƙƙi. Da almakashi yake bin gefenta, a durƙushe.

A 1954 aka rushe tsohuwar unguwarsu za a yi babbar hanya. Jadwiga ba ta da kowa sai shi, ya je ya ɗauko ta. Ina tsaye a taga ta fito daga motar, 'yar gajeruwa, baƙar riga har ƙasa, ɗankwali ɗaure a haɓa, ga gangar katako ta ajiyar abinci an ɗaure a saman mota. Turancinta bai fi kalma goma ba. Muka riƙa ce mata Misis Robley babba, ko waiwaye ba ta yi, don ai ba sunanta ba ne. Sai muka koma ce mata Iya. Ita kuwa Kazik take kiran ɗanta, da ƙarfi, daga bakin ƙofa, duk layi na ji. Duk lokacin da ta kira sai in ga wuyansa ya shige cikin riga.

Amma yana son ta, kada wani ya ce ba ya so. Arlene ta gaya mini in ya gama cin nata girkin yakan koma kicin ya zauna gaban tsohuwa ya sha miyarta, suna magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Kuma da kunnena na ji ya ce wa Hollis, "Matar nan shekara ashirin tana kan gwiwoyinta saboda ni. A gidana za ta mutu." Hollis ya ce madalla, sannan ya tambaye shi wane irin mai yake zuba wa mota.

Da sanyi ya wuce, wata Talata da hantsi, maza duk sun tafi aiki, yara suna makaranta, Arlene ta tafi gyaran gashi. Ina zaune da gahawata sai ga Iya ta fito da shebur. Ta tsaya a tsakiyar ciyawar nan, ta tofa yawu a tafin hannu, ta kafta. Tirƙashi! Da na tsallaka titi da na hana ta, taku ashirin ne. Ban tsallaka ba. Ina kallo tana kife ciyawar tana ja da baya, har ta yi kunya huɗu miƙaƙƙu, ta kawo 'yan kabejinta da ta rena a gwangwani ta dasa. A ganinta ƙasa ce mai kyau tana zaman banza, ba ta ciyar da mutum ba ta ciyar da akuya. Waya ta yi ƙara, matar Purdy ce.

"Verna, abin da nake gani kina gani?"

"Ina gani."

"To ki je ki yi mata magana mana, ke ce a kusa!"

"Da wane baki? Ke je ki, ai mijinki ne sarkin ciyawa."

Babu wadda ta je. Kafin azahar kowace taga da fuska a jikinta.

Ƙarfe shida Cass ya dawo. Ya fito daga mota ya tsaya da jaka a hannu. Iya ta taho da murnarta tana nuna masa kunyoyin ɗaya bayan ɗaya, tana bayani. Ya faɗi wata gajeriyar magana da yarensu. Ta yi dariya ta shafa kumatunsa, ta bar masa ƙasa a fuska, shi ko gogewa bai yi ba ya shige ciki.

Ran Asabar Mista Purdy ya iso, hannuwa a baya. Muna waje ni da Hollis, kuma inda ba katanga ai ba sirri.

"Cass, mutumina, ashe gona ka buɗe ba ka kira mu gayya ba?"

"Tsohuwa ce, Mista Purdy. Ba ta sani ba."

"Haba, wa ya ga laifinta? Kowa da uwarsa. Tawa tana can gidan tsofaffi ana lallaɓa ta kamar ƙwai. Amma ka san halin mutane. In aka bar kabeji yau, gobe akuya ce, jibi kuwa Allah kaɗai ya san waɗanda za su ce su ma unguwar ta yi musu."

Cass ya yi murmushi ya ce haka ne. Washegari ya kai Iya cocinsu da ke cikin gari, ya dawo a guje ya tumɓuke kabejin, ya shimfiɗa sabuwar ciyawa da ya sayo a naɗe, ya bi ta da ruwa, sannan ya koma ɗauko ta. Da ta sauka daga mota ta dubi wurin, ta dube shi. Ta koma bayan gida ta yi 'yar shukarta a jikin bango inda ba mai gani. Sai dai hanci ba ya bukatar taga. Da lokacin kaka ya yi, ta yayyanka kabeji ta danƙara a gangar nan da gishiri a cikin gareji, ya yi tsami irin yadda suke so, warin yana kai wa gida uku. Matan layi suka daina kiran Arlene wasan kati na ran Laraba. Ba wadda ta ce an daina, kawai waya ce ba ta ƙara yin ƙara ba. Arlene ta zo kicin ɗina tana kuka, murmushin nan yana nan a bakinta.

"Ba ƙin ta nake yi ba, Verna, Allah ya sani. Amma yarana 'yan kabeji ake ce musu a makaranta."

Na ba ta gahawa, na ce ta yi haƙuri. Ran Laraba kuwa na tafi wasan katina.

A haka aka ci shekara biyu, ba yabo ba fallasa, har maganar ƙarin girma ta taso. Kowa ya san yadda ake yi a kamfanonin nan. Kafin a ɗaga mutum, sai manaja da matarsa sun zo gidansa cin abinci, a ga matarsa, a ga yadda take riƙe cokali, a ga ko gidan irin namu ne. Ba a rubuta a ko'ina ba, amma an sha kayar da mutum a kan teburin gidansa. A wurin aikin Cass kuwa babu wanda ya san akwai wani Wroblewski a duniya. Arlene ta yi mako tana gwajin gasa nama, ta ari mayafin teburina da cokulan matar Purdy.

Ran Alhamis da yamma Cass ya tsallako. Shekara biyar muna maƙwabtaka, ran nan ya fara zama a falona.

"Verna, wata alfarma nake nema."

"Faɗi. In ma Hollis za ka ara, ɗauki, ba sai ka dawo da shi ba."

Bai yi dariya ba. Yana ta juya hula a hannu.

"Iya ce. Gobe da yamma, awa uku kawai. Ta zo ta taya ki hira."

"Hira da wane yare, Cass?"

Na ce to. Na sha tunanin da na ce a'a me zai faru, kuma kullum amsa ɗaya nake samu: da gida na gaba zai ƙwanƙwasa.

Ashe ita Iya ta ji labarin babban mutumin ɗanta zai zo. Tun safe take kicin tana murza fulawa, ta yi 'yan ƙulle-ƙullen nan nasu masu dankali da cuku a ciki, ta soya da albasa. Ta sa farin ɗankwali wanda ban taɓa ganin ta da shi ba sai ran bikin Ista. Ƙarfe biyar da rabi na hango Cass ya riƙo gwiwar hannunta suna tsallakowa, tana rungume da kwano a lulluɓe. Ce mata ya yi ba ni da lafiya, ina bukatar mai zama da ni, ita kuwa ba ta zuwa gaida mara lafiya hannu rabbana, ta ɗebo mini rabi. Ya sa ta a ƙofa ya juya da sauri.

Ta shigo ta ɗora tafin hannunta a goshina. Hannun kaushi gare shi kamar buhu. Ta riƙe fuskata ta duba idanuna, ta ga lafiyata lau, har da jan-baki. Daidai nan wata doguwar baƙar mota ta tsaya a ƙofar lamba goma sha huɗu. Muka ga Cass ya fito da sauri ya buɗe wa matar manaja ƙofa, Arlene tana bakin ƙofa da sarƙa a wuya, yara a jere an taje musu kai. Iya ta dube su, ta sake duba na. Ba sai an fassara mata ba.

Ta ja kujera ta zauna a gaban taga, kwano a cinya. Na kunna talabijin, ko kallonsa ba ta yi ba. Na miƙa hannu zan ja labule, duk da rana ba ta faɗi ba, in ya so a yi da ni, sai ta cafke wuyan hannuna. "A'a," ta ce. Yana cikin kalmominta goma.

Haka muka zauna muna kallon su suna ci. Lokacin zafi ne, rana na daɗewa, komai ana gani tar. Mun ga Cass yana yanka nama a tsaye, mun gan shi ya jefa kai baya yana dariya, dariyar da ban taɓa ganin ya yi ba. Matar manaja tana kan kujerar da Iya ke zama. Hollis ya leƙo falon, ya ga yanayin, ya ce zai je ya duba wani abu a gareji, bai dawo ba sai da aka tashi. Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi, da na san abin da zan yi da hannuwana. Can wajen ƙarfe bakwai ta buɗe kwanon, abincin ya huce, ta miƙo mini. Na ɗauki ɗaya, ta ƙara miƙowa. Bakwai na ci. Ban taɓa cin abu mai daɗinsa a layin nan ba, kafin ranar ko bayanta, kuma in gaya muku gaskiya abin da nake tunani a lokacin shi ne kada su ɓata mini mayafin tebur da romo.

Da motar ta tafi ta miƙe, ta shiga kicin ɗina ta wanke farantin da na ci, ta kife. Ta ce, "Na gode, uwargida." Ta tsallaka ita kaɗai.

An ba shi ƙarin girman. Ya sayi sabuwar mota mai launi biyu, duk layi aka fito kallo, maza suna leƙa injin. Iya ba ta ƙara kiran Kazik daga bakin ƙofa ba. Ta daina girki, shukar bayan gida ta bushe a tsaye, ita tana ɗakin baya a zaune. Arlene ta ce Cass yakan je ya tsaya a ƙofar ɗakin da daddare kafin ya kwanta, ya ce Iya, ta ce na'am, shi ke nan hirar.

Da sanyi ya shigo ta ɗora tukunya ta manta, hayaƙi ya ɗan tashi. Ba wani abu ba ne, ni ma na yi fiye da haka sau nawa. Amma aka kira likita, likita ya gyaɗa kai, Arlene kuma ta riga ta san wani gidan tsofaffi na sistocin coci, tafiyar awa ɗaya a mota. Cass ya ce wa Hollis, "Wurin da tsabta, akwai ma masu jin yarenta." Hollis ya ce ya yi dabara. Purdy ya dafa kafaɗarsa. Ni ma da ya dube ni na ce ai hakan ya fi mata. Ran da za ta tafi jaka ɗaya ta fito da ita, ta shiga bayan mota da kanta, ba ta dubi gidan ba. Gangar aka fitar wa masu kwasar shara. Laraba mai zuwa aka kira Arlene wasan kati.

Da farko kowace Lahadi yake zuwa. Sai ya koma Lahadin farkon wata, don aiki ya yi yawa, ga yara suna wasan ƙwallo. Daga baya sai Kirsimeti da Ista. Ba wanda ya zarge shi, duk haka muke yi. Ya yi ƙiba, furfura ta fito masa a gefe, ta yi masa kyau. Da Purdy ya tashi daga unguwar shi aka zaɓa shugaba, babu hamayya, ya shiga zagaya layi ran Asabar da hannuwa a baya. Ya taɓa yi wa Hollis magana a kan ciyawarmu, cikin ladabi.

Ran Lahadin Ista a 1961, ina ba furanni ruwa sai ga shi ya dawo da wuri. Ya tsayar da mota ya daɗe a ciki. Sannan ya fito ya tsallako wurina, da kwat ɗinsa ruwan toka da hula, ko gaisuwa babu.

"Na je wurin Iya," ya ce.

"Ya jikin nata?"

"Da sauƙi. Tana cin abinci." Ya dubi tiyon da ke hannuna. "Da na shiga sai ta miƙe tsaye, Verna. Ta gyara riga, ta ba ni kujera. Yallaɓai take ce mini."

"Ba ta gane ka ba?"

"Ta ɗauka wani babba ne daga gwamnati. Ta ce tana da ɗa, Kazik, siriri haka, ya tafi yaƙi har yau bai dawo ba. Wai ko na san shi, ko zan taimaka mata."

Muryarsa ba ta rawa. Yadda yake karanta dokokin unguwa a taro, haka yake maganar.

"Duk abin da ta faɗa na ji. Na buɗe baki in amsa mata da yarenmu, sai na tarar babu ko kalma ɗaya. Na lalubo, babu."

"To me ka ce mata?"

"Da Turanci na ce mata za a bincika. Sista ta fassara." Ya ɗaga hannunsa na dama ya duba bayansa. "Ta kama hannuna ta sumbata."

Ruwa yana ta zuba a kan takalmina ban kashe ba. Na nemi abin da ya kamata in ji a raina, ban samu komai ba, sai na ce, "Tsufa ke nan, Cass."

Ya ce, "Haka ne." Ya gyara hula ya tsallaka gida.

Ta ƙara shekara biyu a duniya. A wurin jana'izarta wata sista ta gaya mini kusan kullum sai ta tambaya ko yallaɓan nan mai kirki ya aiko da labari. Bai koma ba.